Kuɗin Faɗuwar Shagon Ilu

Sallama gare ku masu biye da ni, har da ke baiwar Allah da kika rubuto mini cewa wadda take da saurayi a Ingila ba ta da bakin kuka. Na gode da nasiha. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama sai ki nuna mini inda zan ajiye kukan.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Sa'adiyya. A Koki aka haife ni, shekarata ashirin da bakwai, kuma har yanzu a ɗakin da aka yanke mini cibiya nake kwana. Sana'ata ƙulli. Masu rini na Ƙofar Mata su aiko mini da farin yadi, in zauna da zare in ƙulla masa ado, su tsoma a ruwan baba, wata ta ɗinka ta tafi biki da shi. Mahaifina shi ne Sabo Mai Kalangu, makaɗin 'yan dambe. Na faɗi wannan da wuri ne don ku san abin da ya zaunar da ni a gida. Samari biyu sun taɓa zuwa zance da turarensu da karin hularsu. Kowanne da ya kai maganar gidansu aka tambayi sana'ar uban yarinya, sai na ga ƙafa ta ɗauke. Ba wanda ya zage ni. Kira ne kawai yake raguwa har ya koma saƙon barka da Juma'a, daga nan shi ma ya mutu.

Mika'ilu ne bai tambaya ba, don shi a gaban kalangun Baba ya girma. Ɗan mahauta ne daga Ƙofar Ruwa. A fage ana kiransa Shagon Ilu, saboda Ilu ne ubangidansa da ya koya masa ɗaure hannu da zare. Shekara shida yana dambe ba a taɓa kashe shi ba, wato ba wanda ya taɓa kai gwiwarsa ko tafin hannunsa ƙasa. Baba ne ya yi masa take. Duk ɗan damben da ya isa yana da kiɗansa na kansa, wanda in aka buga ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu. Nasa a tsakar gidanmu aka haɗa shi, ina tankaɗe ina jin Baba yana juya shi har ya zauna. Ke nan na riga mai shi jin taken, kuma ina jin tun ranar na shiga uku ban sani ba.

An kawo kuɗin gaisuwa, manya sun zauna, saura sa rana, sai wani ejan, wato dillalin 'yan dambe, ya ga bidiyonsa a waya. Ya ce wannan hannun ɓarna ake yi da shi a Kano, a kawo shi Ingila ya yi damben safar hannu na Turawa. Ranar da Mika'ilu ya zo ya gaya wa Baba ina bayan ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, ina sharar wurin da na riga na share.

Baba ya ce kuɗin gida ba su da yawa amma da suna suke zuwa. Ranar da wasa ya yi kyau 'yan kallo su yi ta maka liƙi har ƙasa ta rufe, wani Alhaji ya miƙo mukullin babur, ka bi ta kasuwa a ƙi karɓar kuɗinka. Mika'ilu ya ce haka ne, amma ranar da hadari ya taso ko aljihun mutane ya bushe, sai ka tashi da fasasshen leɓe da kuɗin a-daidaita-sahu. Ya ce abin da ejan ya yi masa alkawari a wasa ɗaya ya fi abin da yake tarawa tun daga kaka har bazara.

"Baba, dubi maigidana Ilu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mota biyu ya ci da hannunsa. Yau yana bakin tukuba hannun na rawa, sai an yanka masa naman."

Baba ya dube shi da kyau. Can ya ce, "A can wa ya san ubanka? In jini ya rufe maka ido, wa zai kira sunanka?"

Mika'ilu bai fasa ba. Ya yi wata takwas a Legas ana koya wa hannunsa na hagu duka, don a dambenmu hagu garkuwa ce kawai, tarewa take yi. Daga nan ya hau jirgi. Tun ranar Baba bai sake buga takensa ba, ko da wasa.

Yau shekara biyu saura kaɗan. Kada ku ce bai yi ƙoƙari ba. Kuɗi suna zuwa. Ya tayar da ɗaki ciki da falo a saman gidansu har ya kai linta, akwati uku na lefe sun cika suna ajiye a wurin yayarsa. Kullum bayan azahar yakan kira ni, in jingina wayar a jikin kwanon zare ina ƙulli muna hira. Ina ganin ɗakinsa, ɗan tsukuku, gado da tukunyar lantarki da taga mai kallon bangon wani gida. Shinkafa da kifin gwangwani yake ci, ya ce har mafarkin miyar kuka yake yi. Wata rana ya fito da baƙin gilashi a cikin ɗaki, na ce Shago, rana ce ta fito a ƙarƙashin gadon? Ya yi dariya da gefen baki ɗaya. In na tambaye shi yadda wasa ya kasance sai ya ce an yi, alhamdulillahi. In na ce ya turo bidiyo sai ya ce ba a ɗauka. Ni kuma na yarda, don mai so ba ya bincike.

Da zarar ya kashe wayar sai gidan ya yi mini faɗi. Mahaifiyata ta rasu ina aji uku, ƙannena mata biyu suna ɗakunan mazajensu, saura ni da Baba da yayarsa Goggo 'Yardada, wadda ta rene ni. Ina son Goggo, amma bakinta ba ya hutu. In na wuce ta ce ashirin da bakwai, kamar mai kiran lambar layi a asibiti. Ta ce waya ba ta haihuwa, ta ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ta ce gini ba rufi ai kango ne. Ita ta yi ta hura wa Baba wuta har ya aika gidan su Mika'ilu da wa'adi: mako biyu bayan Babbar Sallah, in ɗaki bai rufu ba, lefe bai cika ba, mai shi bai dawo ba, za a mayar musu da kuɗin gaisuwarsu. Ban yi musu ba. Na shiga ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya, kaɗaici ya danne ni har na kasa kuka.

Yanzu ga laifina, kuma ba wanda ya sa ni.

Wata Alhamis da hantsi Baba yana zaune a kan buzu a gindin dalbejiya yana gyaran kalangu. Yana ja yana gwadawa, yana ja yana gwadawa, hankalinsa yana wani wuri. Sai hannunsa ya zame ya faɗa cikin taken Mika'ilu. Na rantse bai san ya yi ba. Ina bayan labule, tsigar jikina ta tashi, na lalubo waya na danna ɗaukar murya. Bai fi daƙiƙa arba'in ba ya farga, ya dafe fatar da tafin hannu, ya yi tsaki ya shige ɗaki. Ni kuma na zauna da abin a hannuna ina jin kamar na tsinci zinare. Na san Asabar yana da wasa. Na tura masa, na rubuta a ƙasa: "Ga guzuri daga gida. Ka saurara kafin ka shiga."

Na ga alamar ya ga saƙon.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, babu kira. Ranar Litinin sai ga matar maƙwabcinmu ta faɗo gidan ko mayafi ba ta yafa daidai ba, tana miƙo mini wayarta. Bidiyo ne yana yawo a unguwa. Mika'ilu ne da gajeren wando ja, a gabansa wani dogon Bature mai zane a kafaɗa. A turmi na biyu na ga ya canja tsayuwa. Ya miƙa hagu gaba, tafi a buɗe kamar babu safa, ya ja dama baya can ƙasa, irin tsayuwar da duk ɗan Kano ya sani. Duka ɗaya ya yi. Dogon nan ya naɗe ya zube, alƙali ya ƙirga har goma bai motsa ba.

Goggo da ke cewa waya ba ta haihuwa, ita ta fara rangaɗa guɗa. Mata suka yi ta shigowa yi mini barka kamar na sauka lafiya. Baba ya karɓi wayar ya kalla sau huɗu a tsaye, ya sa takalmi ya fita. Da ya dawo da ƙunshin balangu ya dawo, ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce. Na yi farin ciki ranar, ba zan ɓoye ba. Har na ɗauko leshina ruwan goro na gwada a gaban madubi ba tare da ina da wurin zuwa ba.

Sai Talata ya kira, kuma ba na bidiyo ba. Na fara zuba masa kirari ina dariya, sai ya katse ni.

"Sa'a, wasa goma sha biyu na yi a ƙasar nan," ya ce. "Sha ɗaya an cinye ni."

Na ce ban gane ba.

"Aikina ke nan. Shi ake biyana."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai karanta wa mutum sakamakon asibiti. A can kowane gari yana da yaransa masu tasowa, waɗanda danginsu da abokansu suke sayen tikiti su cika zaure. Ana so a tara musu nasara a takarda kafin a kai su babban wasa. Don haka ake nemo irinsa, baƙo mai ƙarfi mai jure duka, ya sa yaro ya yi gumi, ya koya masa darasi, a ƙarshe a ɗaga hannun ɗan gari. Ba wanda zai buɗe baki ya ce maka ka bari a ci ka. Amma duk wanda ya fiye cin 'ya'yan mutane, sai wayarsa ta daina ƙara. Ya ce shi ake fara sakawa, tun da sauran rana, lokacin da rabin kujerun ba kowa. Da kuɗin nan aka yi linta, da su aka cika akwati uku.

Na tambaye shi, to in ya ci gaba da kayar da su, ba sai a ba shi babban wasan shi ma ba? Ya yi wata dariya da ban so ba. Ya ce shekararsa talatin da ɗaya, kuma manyan kuɗi na mai jama'a ne. Shi jama'arsa suna Ƙofar Ruwa, ba mai iya sayen tikiti ko ɗaya.

"Ban yi niyyar saurara ba," ya ce. "Ina ɗakin shiri ni kaɗai, an gama naɗe mini hannu, na ce bari in ji muryar gida. Sa'a, da na ji kalangun Baba ban san sanda na miƙe ba. Na manta ejan, na manta Legas, na manta komai. Sai da yaron ya kwanta na tuna inda nake. Na ɗaga hannu zan yi kirari, na duba, ba kowa sai masu jera kujeru."

Na toshe bakina da gefen zani don kada Goggo ta ji.

Yaron da ya kayar ɗan wani mai shirya wasanni ne. Wasa biyu da aka yi masa alkawari an soke su a ranar. Ejan ya yi kwana biyu ba ya ɗaukar wayarsa, sannan ya kira ya ce ya roƙo masa dama ɗaya ta ƙarshe, Asabar ta sama. Wani yaro ne da ake ji da shi, ana so a ga ya kwantar da wanda ya kwantar da wancan. Kuɗin ninki biyu ne, kuma kowa ya san ba a so wasan ya wuce turmi na huɗu. In ya yi yadda ake so, akwai wasa uku kafin Sallah, ɗaki ya rufu, lefe ya cika, ya dawo cikin wa'adi. In ya sake yin na ranar nan, ejan zai zare hannunsa, kuma takardun zamansa a hannun ejan suke. Sai ya dawo da jakarsa ya tarar da kango.

"A sha ɗayan nan ban taɓa kai gwiwa ƙasa ba," ya ce. "Da maki suke ci na. Wannan karon kwanciya ake so. Ke na bari kina jira, Sa'a. Ke za ki faɗa."

Na ji haushinsa ƙwarai. Shekara biyu yana ɓoye mini, yau kuma ya ɗauko kayan gaba ɗaya ya ɗora mini a ka. Na ce masa zan yi tunani, na kashe.

Kwana tara na yi ina tunanin. Na ɓata yadi biyar na mutane, na ƙulla ado a karkace sai da na kwance. Ba wanda zan gaya wa. In na gaya wa Goggo, kafin la'asar Koki ta ji. In na gaya wa Baba, na san ba wa'adi zai jira ba. Ƙawayena kuwa kowace tana fama da goyo, in na kira sai in ji ana cewa bari in sauke tukunya in kira ki, kuma tukunyar ba ta sauka.

Ranar Alhamis na je sunan Fatima, wadda muka yi makarantar allo tare, haihuwarta ta uku. Na sa atamfata shuɗiya da mayafi fari, na yi kwalliya daidai gwargwado. Aka zaunar da ni a falo cikin matan aure, suna hirar kuɗin makaranta da haƙoran yara, ni ina riƙe da robar zoɓo ina murmushi. Wata ta ce ai ga amaryar Ingila, yaushe za mu sha biki? Wata ta ce ai mijinta ya kashe Bature, suka yi shewa. Aka miƙo mini jaririyar na riƙe, tana ƙamshin turaren wuta, ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. A nan na san amsar da zan ba shi, kuma na san ba ta da kyau.

Ko mayafi ban cire ba da na dawo. Na zauna a bakin gado na rubuta: "Ka yi abin da suke so. Ba wanda zai gani. Ka gama ka dawo, na gaji."

Ku zage ni in kuna so. Na zaɓi rufin kwano a kan sunan da mutum ya yi shekara shida yana tsarewa da jininsa. Na gaji da zama ni kaɗai, shi ke nan dalilina, ba ni da wani.

Bayan minti goma ya amsa. "To. Gobe da safe za a auna nauyinmu. Daga nan zan kashe waya sai an gama, kada in sake jin abin da zai ɓata aiki."

Yau Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai ga Baba ya shigo da kalangu a rataye, an sa masa sabuwar fata, a ɗaya hannun kuma leda mai ɗauke da farar shadda daga wurin tela. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun bikin ƙanwata. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi.

Ya ce samarin unguwa sun gano tashar da za ta nuna wasan gobe kai tsaye, sun yi karo-karo sun biya. Za a kafa farin ƙyalle a filin bayan gidanmu bayan la'asar. Mahautan Ƙofar Ruwa za su rufe tukuba su zo, har Ilu an ce za a ɗauko shi a mota. Kuma sun roƙe shi ya buga taken Shago da zarar ya fito, ya amsa musu.

Na sauke tiren shinkafar daga cinyata na ajiye a ƙasa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "na yi wa yaron nan gurguwar fahimta. Na ɗauka ya je ya sayar da kansa. Mutumin da ya je ƙasar wasu, ba dangi ba makaɗi, ya tsaya irin tsayuwar gida, bai zubar da taken da na yi masa ba. Na aika gidansu ɗazu na janye wa'adin. Ya dawo da ƙafarsa a tsaye kawai. Ko ɗakin ba rufi zan ba shi ke, in ya so mu rufa da zana."

Goggo ta ce daga ɗaki ai ita dama ta san yaron ɗan halak ne.

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Na rubuta wa Mika'ilu kada ya kwanta, Baba ya janye, kowa zai gani, ya tsaya don Allah. Na kira sau bakwai, a kashe. Na tura murya, na sake rubutawa. Ba ni da lambar ejan, ban san sunan kowa a garin ba, ko sunan unguwar da yake ban iya faɗa daidai ba. Shekara biyu, ashe lamba ɗaya ce tak tsakanina da shi.

Ina rubuta muku wannan saƙonnin suna nan jere, ko ɗaya bai shiga ba. A tsakar gida Baba yana ɗaure kalangu yana gwada taken, a hankali, yana gyara inda ya manta. Yanzun nan ya ɗaga murya ya ce in an kawo wuta in goge masa shaddar, yana so ya fita da ita gobe.